An ɗinke tela a Yamai

Duk wanda ya tambaye ni a lokacin, cewa nake daga babur na faɗo. Yanzu da abin ya wuce bari in faɗi gaskiya, kokowa na yi. Bikin ƙanwar matata aka yi a wani ƙauye gabas da Tawa, an gama kai hatsi rumbu, kowa ciki cike. Da dare makaɗa suka juya kiɗi zuwa na 'yan kokowa, sai ga taubashina tsakiyar fili yana nuna ni da yatsa, wai telan birni ko buhun gawayi ba ya ɗagawa. Shekarata 37, 'ya'yana huɗu, kamata ya yi in yi dariya in gyara zama. Sai na tuɓe riga. Ba'adare bai iya jin wannan kiɗa ya yi kamar bai ji ba. A garinmu Tawa ne fa aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a 1975, ko da yake Kantu na Maradi ne ya lashe ta, abin da ba mu cika son a tuna mana ba.

Ba mu yi minti biyu da sarƙewa ba. Ƙafata ta dama ta nutse cikin rairayi, shi kuma ya murɗa ni. Gangar jiki ta juya, ƙafa ta ƙi bi. Na ji ƙas a cikin gwiwa kamar an taka busasshen kara. Ko faɗuwa ban yi ba, zama na yi a hankali, jama'a na ta ihu wai an kada ni. Kafin gari ya waye gwiwa ta yi suntum kamar goran duma.

Wurin maɗorin unguwarmu na fara zuwa, tsoho ne da ba gidan da bai taɓa yi wa ɗori ba a Bilbis. Ya lalube ni daga ƙwauri har cinya, ya daɗe yana danna gefen gwiwar da babban yatsa, sa'annan ya ce, "Ɗana, ba karaya, ba gocewa. Ƙashinka lahiya lau shike. Abin ga ciki ya ɓoye, hannuna bai kai wurin." Har yau ina ganin girmansa saboda wannan magana, don da wani ne da ya ja ƙafar ya ɗaure da kara ya karɓi kuɗinsa. Inna ta sa aka kira wanzami ya yi ƙaho. Kumburi ya ɗan sauka, wataƙila da ma lokacin saukarsa ne ya yi. Na koma shago.

Sai sabon abu ya ɓullo. Ina cikin tafiya gwiwa ta kulle, ta ƙi miƙewa sarai, kamar ƙyauren da tsakuwa ta shiga ƙarƙashinsa. In tsaya ina girgiza ƙafa kamar wanda cinnaka ya shiga wa wando, in ji ƙwas, ta saki. Taka keken ɗinki ya zama azaba. Wata Juma'a ta kulle ina sujada, liman ya ɗago, sahu ya ɗago, ni ina nan, sai da mutum biyu suka kama ni bayan an sallame.

A asibiti aka yi hoton ƙashi, wanda muke cewa radiyo, ya fito fes, daidai da maganar tsohon. Likitan ya kwantar da ni, ya lanƙwasa gwiwar, ya riƙe diddige ya murɗa waje yana miƙe ƙafar a hankali. Wani abu ya motsa a gefen ciki, na yi salati da ƙarfi. Ya ce guringuntsi ne, su suna kiransa menisk, kuma radiyo ba ta ganinsa, ƙashi kaɗai take nunawa. Ya rubuta takarda in tafi Yamai a yi wani hoto da ake kira IRM, in kai wa likitan ƙashi mai tiyata. Na sayar da ragon da nake kiwo don layya. Yayana da ke Abijan ya turo nasa (wane gida ne a Adar ba shi da ɗa a Abijan?). Matata ta kwaso kuɗin adashinta ta zuba mini a aljihu, ba ta ce uffan game da kokowa ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Kar ɗinmu, wato babbar motar fasinja, ya tashi tun kafin kiran assalatu, cikin sanyin Disamba, kowa ya naɗe fuska sai idanu. Kilomita wajen 550 ne daga Tawa zuwa Yamai. Na sha bin hanyar lokacin da nake zuwa sarin yadi a Babbar Kasuwa, amma sai ranar na gane kujerar kar don mai gwiwa biyu lafiyayyu aka ƙera ta. Na roƙi wani ɗan lakwal ya bar mini ta bakin hanya don in miƙe ƙafa. Ya bari, sai dai duk wanda zai wuce sai ya yi tuntuɓe da ni ya ce in yi haƙuri, ni ma in ce ya yi haƙuri.

Bayan Badagishiri aka tsaya sallah. Na tsaya a bakin ƙofa ina leƙen matakalar nan kamar mai leƙen rijiya. Wata Hajiya mai jiki da ke bayana, wadda da gani ta daɗe tana fama da nata gwiwoyin, ta ce, "Yaro, in za ka sabka, mai ciwon za ka hwara turawa. In za ka hau, mai lahiya ta wuce gaba." Na gwada, sai ga ni ƙasa ban ciji leɓe ba. Makonni bayan haka mai koya mini motsa ƙafa a asibiti ya faɗa mini wannan ƙa'ida kamar ya ji ta daga bakinta, har da zane a takarda. Na ce masa ai na riga na karanta a makarantar Hajiya.

A Tsarnawa muka hau babbar hanyar da ta taso daga Damagaram da Maradi. Ƙonni tana nan yadda na san ta, 'yan canji da damman naira, kwalaben mai jere a bakin titi, Illelar Najeriya na can kusa kamar ka miƙa hannu. Na sha shayi da burodi a tsaye, jingine da kar. Daga nan tafiya ta miƙe. Jajayen duwatsun Dogon Dutsi masu shafaffen kai suka fito cikin hazo. Wani malamin makaranta a kujerar gaba yana ba na kusa da shi labarin Sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899, ni kuwa ina ƙirga 'yan tudun rage gudu da ke bakin kowane ƙauye, don kowane ɗaya sai ya gaisa da gwiwata. A Doso Zabarmanci ya karɓe kasuwa, 'yan mata na miƙo rake da dambu da kopto ta taga. Layin dogon da aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso yana bin gefen hanya, rairayi ya binne shi a wurare, awaki na kwance a kai. Wajen Kure aka kaure da ihu a mota, wai ga raƙuman dawa can cikin itatuwa, kowa ya koma taga ɗaya da wayarsa. A duk Afirka ta Yamma a ƙasarmu kaɗai irinsu suka rage. Ni ban gan su ba. Gwiwa ta kulle tun Birnin Gaure, ina sunkuye ina lallashinta.

Bayan la'asar muka shiga Yamai. Ɗan kawuna ya tarye ni a tasha, muka shiga taksi mai jan kai zuwa Bukoki, inda Kawu ya fi shekara 30 yana zaune, yana sayar da ƙarfe a kasuwar Katako. Zabarmancina bai wuce "fofo" ba, Faransancina kuwa na wanda ya tsaya a aji shida ne, amma a Bukoki Hausar Adar na tashi ta kowane lungu. Kawu ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Babur, ko?"

"Babur, Kawu."

"To. Babur mai kiɗa."

Labari ya riga ni isowa.

Kwana huɗu na yi kafin layin IRM ya zo kaina, kuɗinsa kuwa da a gida ne da na ƙaro keke a shago. Kafin a shiga, ma'aikacin ya sa na cire duk wani ƙarfe, waya da makullai da zobe da 'yan dala-dalar aljihu. Ya tambaya ko an taɓa sa mini ƙarfe a jiki, ko ɓarɓashinsa ya taɓa shiga idona. Na ce a'a. Har mun kai ƙofa sai ya tsaya ya zura wa hulata ido, ya miƙa hannu ya zaro allura. Ta ɗinkin hannu ce, shekara da shekaru nan nake soke ta, har na daina sanin tana wurin. Ya ce injin nan maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, da ta shiga ɗakin da ta tashi kamar kibiya. Aka tura ni cikin bututun ta ƙafa, kaina a waje, aka toshe mini kunnuwa. Wajen minti 20 yana bugu, can kamar maƙera, can kamar injin niƙa da ya haɗiyi dutse, sharaɗi kuwa kada in motsa. Ba zafi, sai ƙaiƙayin da ke tashi a tafin ƙafa daidai lokacin da aka hana ka susa.

Likitan tiyatar da kaɗan ya girme ni, Hausarsa ta Damagaram. Ya jera hotunan a jikin fitila, ni ban ga komai ba sai gajimare. Da ya lura, ya juya bayan takardar magani ya yi mini zane. Kowace gwiwa tana da irin wannan guringuntsi guda biyu, ɗaya ta gefen ciki, ɗaya ta waje, kamar jinjirin wata biyu na fuskantar juna, masu kauri a baki, sirara ta ciki, zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Ya ce in ɗauke su kamar gammo. Tulu bai rage nauyi don an sa gammo, amma nauyin ya bazu, tsakiyar kai ba ta sha ita kaɗai ba. Na gefen ciki ya fi yawan yagewa saboda a ɗaure yake sosai, ba ya iya kaucewa in gwiwa ta murɗe. Nawa ya tsage ne bin tsawonsa, bakin biyu na nan manne, tsakiyar kuma tana kifewa cikin gaɓa kamar mariƙin bokiti. In ta kife ƙafa ta kulle, in na girgiza ta koma, shi ne ƙwas ɗin da nake ji. Jijiyar da ke gicciye a tsakiyar gwiwa, wadda sau da yawa takan tsinke tare da shi, tawa Allah ya tsare.

"Hanya biyu ce, Malam," in ji shi. "Ko in datse abin da ya yage in fitar, ko in mayar da shi wurinsa in ɗinke."

In an datse, mutum na taka ƙafa cikin 'yan kwanaki, kafin wata ya koma sana'arsa. In an ɗinke, sanduna mako shida, lanƙwasa gwiwa da iyaka, tsugunno kuwa haramun ne wata huɗu ko fiye, kuma duk da haka ba kowane ɗinki ke kamawa ba. Ba ma kowace yaga ke ɗinkuwa ba. Jini bai shiga guringuntsin nan sai kashi ɗaya cikin uku na bakin waje, sauran fari ne fat, ruwan gaɓa kawai yake sha. Ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa, ya yi dariya har ya ajiye biro.

"Ashe ɗan'uwana ne. To amma kai zarenka shi ke riƙe riga har ta tsufa. Ni nawa riƙon ƙwarya yake yi, kafin nama ya haɗe da kansa. Inda jini bai zuwa, ko ɗinki goma na yi, banza ne."

Na gane shi sarai, don na sha gaya wa mata cewa atamfar da ta ruɓe ba ta riƙe zare. Amma lissafina daban. Azumi na tafe, watan da tela ke girbin shekararsa, har da yadudduka na karɓa tun kafin in taso. Na ce, "Likita, a datse kawai." Bai musa ba. Ya ce yagar tawa babba ce, in ya datse zai fitar da mafi yawan gammon, ƙashi ya koma gugar ƙashi. Yanzu ba zan ji komai ba, amma bayan shekaru zan iya dawo masa da ciwon gaɓa irin na tsofaffi tun ban tsufa ba. Ya ce in je in kwana a kai. Ko ma na yarda, sai ya shiga ya gani da idonsa kafin ya san ko yadin zai ɗauki allura.

Da dare na kwashe duka na faɗa wa Kawu, har da lissafin kayan sallah. Ya saurara yana ɓare goro. Ya ce, "Sallah kowace shekara tana zakkuwa. Ni na san Katako lungu-lungu, babu abin da ba a saidawa ciki, amma ban taɓa ganin rumfar gwiwa ba. Ka bar lokotoro shi yi aikinai."

Kwana goma na ƙara ina jiran rana da isowar kayan ɗinkin. Aka ɗebi jini, na ga mai allurar kashe jiki. Ɗan kawuna ya ga zaman ya ishe ni, ya ɗauki taksi ya kai ni Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, muka tsallaka Harobanda muka dawo. Kogin cike yake maƙil alhali rabon sama da ruwa tun watanni. Ashe ruwan daminar ƙasar Gini ne, sai ya yi watanni a hanya kafin ya iso. Mutumin Adar da ya saba ganin tabki na ƙafewa a gaban idonsa ba ya gajiya da kallon wannan. Muka biya gidan tarihi na Bubu Hama, na ɗingisa har rumfar ƙasusuwan manyan dabbobin da, waɗanda aka tono a yankin Agadas. Yara na kallon haƙora, ni na tsaya a gindin ƙafa ina duban sararin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Ƙashi ya tsira, abin da ke tsakani ya tafi, kamar dai a radiyona na Tawa.

Ranar aiki ba ci ba sha tun tsakar dare. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni wace ƙafa ce ta sa alama, wani ya sake tambaya, likita ma ya tambaya. Na fara zaton sun manta ne, ashe ƙa'ida ce. Ɗakin sanyi ƙarara. Aka sa na zauna na ƙudundune, aka soka allura a ƙasan gadon baya. Ɗumi ya gangara har yatsu, ƙafafu suka yi nauyi kamar buhunan siminti. Can na ga an ɗaga wata ƙafa sama ana shafa mata magani, sai da na yi tunani kafin in gane tawa ce. Aka ɗaure cinya da wani abu mai hura iska don a tsai da jini.

Ni da na zaci za a farke gwiwa irin na mahauta, ƙofa biyu kawai ya huda ta gaba, ƙasan ƙoƙon gwiwa hagu da dama, kowace ba ta fi gidan maɓalli ba. Ta ɗaya ya zura wani ƙarfe siriri kamar biro mai fitila da kyamara, ta ɗayar kayan aiki, ana tura ruwan gishiri yana buɗe gaɓar. Na roƙa a juyo mini talabijin ɗin. Cikin gwiwar mutum fari ne tas, sumul, kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare. Ya nuna mini kan ƙashin cinya, da na ƙwauri, da jijiyar gicciye. Sai ga nawa yagaggen kwance inda bai kamata ba, gefensa na kaɗawa cikin ruwa kamar bakin tsohon zane. Ya sa 'yar ƙugiya ya taɓa, ya ja, ya tura shi ya koma mazauninsa. Suka yi magana da Faransanci ƙasa-ƙasa. Sa'annan ya ɗaga murya da Hausa, don ni.

"Tela, yadinka da sauran ƙwari. Kusa da baki ya yage."

Ya fara goge bakin yagar da ɗan magagari don a tsokano jini. Allurarsa doguwa ce mai rami, ɗauke da zare da wasu 'yan mitsi-mitsin maƙalai. Ta huda guringuntsin ta ajiye ɗaya a bayansa, ta sake hudawa gefe ta ajiye na biyu, a ja zare ƙulli ya zame ya matse, a yanke. Na ƙirga ɗinki huɗu. A matsayina na mai sana'a zan ce tazararsu ta yi daidai, sai dai ni ba zan bar wa mai kaya zare a fuska haka ba. Awa ɗaya da 'yan mintoci aka gama. Wajen magariba ƙafafu suka dawo, suka zo da zafinsu. Aka ɗora ƙanƙara, aka sa mini takalmin gwiwa mai ƙarfe daga cinya har kusa da idon sahu, aka fara wata allura ta fatar ciki da ke hana jini daskarewa a jijiya. Kwana biyu aka sallame ni da sanduna.

Sai a gidan Kawu na gane abin da likita yake nufi da ba tsugunno. Ashe rayuwarmu duka a ƙasa take. Tabarma a ƙasa, katifa a ƙasa, kwanon tuwo a ƙasa, butar alwala, gawayin shayi, hirar dare, duk sai ka naɗe gwiwa kafin ka same su. Ban taɓa ƙirga sau nawa nake durƙusawa a yini ba sai da aka hana ni. Safiyar farko na tsaya a ƙofar salga da sanduna biyu, ina kallon ramin, ramin na kallona, na juyo ban ce wa kowa komai ba. Kawu ya ga fuskata. Bai tambaye ni ba, ya kira ɗansa ya raɗa masa magana. Kafin azahar yaron ya dawo daga Katako da kujerar ƙarfe a ka, mai walda ya fafe mata tsakiya, ya ƙara mata tsawon ƙafafu da mariƙi hagu da dama, har ya shafa mata shuɗin fenti don kada ta yi muni. Duk kuɗin da na kashe a Yamai babu wanda ya biya ni kamar na kujerar nan.

Cin abinci ma ya zama abin kunya. Maza na zagaye da kwano ɗaya a tabarma, ni ina bisa kujera da ɗan farantina a cinya kamar anasara, ƙafa miƙe a kan bokiti. Yaran gida suka sa mini suna Mushe, wato "Monsieur" na Faransanci. Matar Kawu kullum sai ta ƙara mini nama a asirce, tana cewa, "Ci, ɗana, ƙashi na son romo," na gaji da gaya mata ba ƙashi ba ne.

Sallah ce ta fi damuna. Mako guda ina yi a ɗaki don kada a gan ni, har limamin masallacin layin ya zo dubiya ya tambayi dalili. Ya karanto mini hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ya nuna mini yadda zan sunkuya kaɗan don ruku'u, in ƙara sunkuyawa don sujada. Daga ranar na shiga layin kujeru a ƙarshen sahu, ni da tsofaffi uku. Suka karɓe ni hannu biyu, kowa da tarihin gwiwarsa, ɗaya ma ya ce da a zamaninsa akwai wannan ɗinki da yanzu yana sahun gaba.

Sau uku a mako ina zuwa wurin kine, masu motsa gaɓoɓi. Aikin kamar wasan yara, amma gumi yake sa ni. In matse tsokar cinya in danna bayan gwiwa a katifa. In ɗaga ƙafa miƙe in riƙe. In ja diddige a hankali har gwiwa ta yi kusurwa irin ta zaman kujera, digiri 90, in tsaya nan ko da ina jin zan iya wucewa, don in ta wuce haka ƙashin cinya na matse bayan guringuntsin, daidai inda zaren yake. Ni kuma da abin awona a aljihu, duk Juma'a sai na auna cinyoyin biyu a wuri ɗaya. Cikin mako uku ta dama ta rage santimita 3, wandon da na ɗinka wa kaina ya koma lilo ta gefe guda. Mai kine ya ce haka tsoka take, ba ta jiran kowa, kuma dawo da ita ya fi zubar da ita wuya nesa ba kusa ba.

Kwanciya ta mai da ni malamin gwiwa a waya. A nan na ga cewa da can likitoci cire guringuntsin suke yi ɗungurungum, suna ganin ba shi da wani amfani, har wani likitan Ingila mai suna Fairbank ya nuna a 1948 yadda gaɓar ke lalacewa bayan an cire. Aikin kyamarar kuwa mutanen Japan ne suka raine shi, wani Watanabe ya fara datse yaga ta wannan hanya a 1962. Na kai wa likitana labari ranar da aka cire zaren fata, ina jin kaina. Ya ce madalla, amma in rage karatu in ƙara ɗaga ƙafa.

Bayan mako huɗu ya ba ni izinin komawa gida, da takarda zuwa ga masu kine na Tawa, da sharaɗin in riƙa motsa idon sahu a mota, in sauka duk inda aka tsaya. Kujera biyu na biya, na zauna a karkace, ƙafa miƙe. Kujerar Katako aka cusa cikin kaya, yaron mota ya juya ta ya ga ramin ya dube ni, na dube shi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Wannan karon na ga raƙuman dawa, uku, ɗaya ta tale ƙafafun gaba tana neman wani abu a ƙasa. Na ce ke ma ashe ba ki tsugunno.

Azumi ya same ni na ajiye sanduna amma ban isa taka keke ba. Yarana biyu suka hau kekunan, ni na sa kafinta ya ɗaga teburin yanka, na koma yanka da aikin hannu a wuyan riguna. Wasu masu kaya suka karɓe yadinsu suka kai gaba, ban ga laifinsu ba. Taubashina ya zo da zabi biyu, ya zauna bakin shago yana kallon ƙasa, daga baya ya ce in na warke akwai ramuwa. Matata daga cikin gida ta ce ta ji.

Sai a wata na biyar, bayan na sake komawa Yamai likita ya murɗa ƙafar bai ji komai ba, na kai goshina ƙasa. Sallar asuba ce, a ɗaki, na dafa bango na sauka a hankali, ina sauraron gwiwa fiye da karatuna, Allah ya yafe mini. Ba ta ce ƙwas ba. Zaman tahiya har yanzu a karkace nake yinsa, in sanyi ya sauko kuma takan tuna mini da kanta.

Kujerar Katako kuwa ba ta dawo hannuna ba. Baba, da ya shekara goma yana kukan gwiwa bai taɓa faɗa wa kowa inda abin ya fi cin sa ba, ya are ta sau ɗaya. Washegari na tarar an kai ta bayan ɗakinsa. Da na yi magana ya ce ai na san hanyar Yamai.